Mu da 'Yar Wayar Fistin

Mu mutanen bakin ruwa akwai mu da wani hali wanda har yau ban ji malamin da ya yi wa'azi a kansa ba. Ranar da injin jirgi ya yi nokin, mai jirgi zai kaɗar da buhunan albasa, ya ci bashin surukinsa, ya haɗa da zubin adashin uwargida, ya doshi shagon kayan gyara ya ɗauki fistin biyu da ringi da gaskit, ya ƙirga kuɗi ko tari bai yi ba. Sai an zo kan kilif, 'yar wayar nan mai tare fin a cikin fistin, wadda kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba, nan ne zai tuna ana tsadar rayuwa. Sai ya gyara tsayuwa, ya tura hula ƙeya.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Kilif ne, Alhaji. Huɗu za a sa."

"To na ciki fa? Ai da idona na gan su, ko tsatsa babu. Ku dai ba ku gajiya da cin kuɗin mutane."

Daga Yelwa zuwa Zamare, daga Warra zuwa Malale, duk inda aka jingina inji da benci aka buɗe cikinsa, hirar ke nan. Waɗanda suka yi ci-rani a Baga da waɗanda suka daɗe a Yeji ta ƙasar Gana sun ce can ma 'yan'uwa ba su sake zani ba. Tunda abin namu ne gaba ɗaya, ba mai yi wa wani dariya, sai dai mu taru mu yi wa kanmu.

Ga wanda saninsa da inji bai wuce jan igiya ba, ga yadda wurin yake. Fistin yana da rami da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Fin, wani gajeren bututun ƙarfe mai santsi da ƙyalli, shi ke bi ta ramin nan ya ratsa ƙaramin idon kwanrod, ya haɗa fistin da kiranshaf. Ba a ɗaure shi da noti, ba a yi masa walda. An bar shi ne ya riƙa juyawa yadda ya ga dama, don kada gefe guda ya cinye. Abin da ya hana shi zamewa ya fito kilif biyu ne, ɗaya a kowane bakin rami, kowanne zaune cikin wani siririn kwarmi da aka zagaya a jikin alminiyon. Rabin kaurin wayar na cikin kwarmin, rabi a waje ya tare hanya. Iyakar aikinsa ke nan. Kuma tsarin injin jirgi ya bambanta da na babur: kiranshaf ɗinsa a tsaye yake, fulawil a sama inda ake naɗa igiya, farfela can ƙasa cikin ruwa. Don haka fistin a kwance yake kai-komo, fin kuwa a tsaye, kilif ɗaya a samansa, ɗaya a ƙarƙashinsa. Shi ya sa aka buga UP a kan fistin ɗin Yamaha, don a juya wannan gefen ya kalli fulawil. Yaran garejinmu da ba su taɓa shiga aji ba ma sun haddace haruffan nan biyu.

Ɗauki foti, wato Yamaha Enduro mai doki 40 da ba wanda bai san kukansa ba a kogin nan. Silinda biyu gare shi, kilif huɗu ke nan. A samfurin E40X faɗin fistin milimita 80 ne, tafiyarsa milimita 70, kuma kamfanin ya ce in an murɗe totur duka, juyinsa ya tsaya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti. Mu ce 5,000. Fistin ya je ya dawo sau 83 ke nan a daƙiƙa guda, kuma kowace tafiya sai ya tsaya cak ya juyo. A wannan juyowar, duk abin da ke jikinsa ana fizgarsa da ƙarfin da ya kai nauyinsa ninki dubu, har da ɗoriya. Wayar da ta yi giram ɗaya a tafin hannu, a can ciki kilo guda ce ke neman ficewa. Abin kuma ba daki-daki yake hawa ba: in gudu ya ninka biyu, fizgar ninki huɗu take yi. Lokacin da taguwa ta ɗaga gindin jirgi, farfela ta fito fili, inji ya kurma ihu, direba na dariya fasinja na salati, a daidai nan ake yi wa kilif tambayar kabari.

Amsa guda ce gare shi, wato ƙarfin da yake yi na son buɗewa. An matse shi an cusa, shi kuma yana tokare bangon kwarmin ta ko'ina yana neman komawa faɗinsa na asali. Ƙarfen sifirin ne aka ƙera shi da shi, kuma ƙarfen sifirin yana da iyaka. Da zarar an sa tsinin sukudireba an ɓamɓaro shi, an lanƙwasa shi ya wuce wannan iyakar, ya daina komawa yadda yake. Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce ko tsatsa babu. Kilif ɗin da aka taɓa cirewa kamar robar wando ce da ta saki: a ido tana nan, sai an tashi gudu ake sanin labari.

Mafi yawanmu a gidan "tsoho ya san hanya" muke. Hujjarmu ita ce kilif ɗin nan ya yi shekaru cikin injin bai taɓa ba da kunya ba, me zai sa a kore shi a kawo baƙo? Muna mantawa da cewa fistin ɗin da ya saba da shi yana can cikin kwandon gwangwan, wannan da za a sa shi sabon gida ne. Akwai kuma masu dabara a cikinmu, su sun yarda cewa tsohon ya saki, sai su kama shi da filaya su ɗan buɗa shi, wai a ƙara masa ƙarfi. Ya buɗu kam, amma ya tashi daga zagayayye ya koma mai tsawo, in ya shiga kwarmi wuri biyu ko uku kawai yake taɓawa, sauran duk iska.

Sai kuma 'yan gwangwani. Ba garejin da ba shi da tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin benci, cike da kilif ɗin duk wani inji da ya taɓa mutuwa a unguwa: na babur, na ƙaramin janareto, na injin ban-ruwan masu albasa, na injin markaɗe. In an rasa guda sai Oga ya ce, "Kai, duba cikin gwangwani ka samo mini mai kama da wannan." Yaro ya zazzage su a kan buhu, ya ɗaga biyu ya hanga a rana, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Oga, wannan ai tagwaye ne." An gama awo ke nan.

Masu wayar sifok ban cika son a yi musu dariya ba. A da, in abu ya lalace, sai an jira motar da za ta taso daga Legas ko Anaca, jirgi na ɗaure a gaɓa, iyali na jiran cefane. Dattawan wancan lokaci sukan yanko sifok ɗin keke su naɗa a jikin soket, su goge bakin da fayil, su sa. Mutumin da injinsa ya mutu a wani gungu, dare na yi, in ya yi haka ya lallaɓo gida a hankali, ai jinjina ya kamata a yi masa. Inda muke ɓata abin shi ne kalmar nan tamu ta "kafin". Kafin a samu na gaske. Kafin kasuwa ta ci. Kafin albasa ta yi kuɗi. Sai damina ta zagayo sifok na nan ciki, mai jirgi ma har ya fara yi wa mutane alfahari da shi.

Akwai wani dattijon bakanike a gaɓarmu da duk muke ce wa Baba, shi in an kawo masa kilif ba ya ko kallonsa da farko. Fistin yake ɗauka. Ya juya bakin ramin ya fuskanci haske, ya sa tsinin allura ya bi cikin kwarmin a hankali. Abin da yake nema shi ne siffar gindin kwarmin. In gindin zagayayye ne, to na waya zagayayya aka yi shi. In kuwa yana da kusurwa, bango a miƙe, gindi a shafe, to na faffaɗan kilif ne, irin mai 'yan huji biyu a baki da ake kamawa da filaya mai tsini. Wannan faffaɗan, kamfanin Seeger na Jamus ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana da amfaninsa a wurare da yawa cikin inji. Amma in ka cusa shi a zagayayyen kwarmi, gefunansa ne kawai za su dafa, ba zai taɓa zama daram ba. In ka sa waya a kwarmi mai kusurwa, ita kuma sai ta yi ta gara-gara a ciki.

Daga nan Baba ya ɗauki fin ya duba bakinsa. Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin wanda ya tsara shi ya yi tunani. Fin ɗin da aka yi don kilif na waya, an ɗan sassaƙe gefen bakinsa ya yi gangare. In ya matso ya tunkuɗi kilif, gangaren nan yana hawa cikin wayar ne ya tura ta waje, ya ƙara danna ta cikin kwarmi. Wato duk ƙoƙarin da fin ya yi na fita, ƙara kulle ƙofar yake yi. Fin ɗin faffaɗan kilif kuwa bakinsa a shafe yake, don ya jingina da faɗin ƙarfen. Haɗa su a gicciye, sai dabarar ta rushe: shafaffen baki ya yi ta dukan waya ba tare da ya danna ta ba, mai gangare kuma ya sa faffaɗan ya lotsa. Shi faffaɗan ma fuska biyu gare shi, domin bugo shi aka yi daga falle: gefe ɗaya mai kaifi, ɗaya mai laushi. Mai kaifin ne ke kallon waje, don ya ciji bangon kwarmin in an turo shi.

Sai kauri. Bambancin waya mai milimita 1.2 da mai 1.5, yaron da ya kanne ido ba zai kama shi ba, amma kwarmi ya sani. Siririya za ta shiga da sauƙi har a ji daɗi, sannan ta riƙa wasa a ciki, kowane kai-komo ta daki alminiyon, kwarmin na ƙara faɗi, har ranar da zai sake ta. Mai kauri ba ta kaiwa gindi, a leɓe take tsayawa, tana jiran dalili. Ma'aunin baniya ke raba wannan gardama cikin minti ɗaya, amma a garejinmu baniya kayan ado ce, tana cikin akwatin Oga a naɗe da tsumma, sai baƙo ya zo ake fito da ita.

Muna kuma son mai kunne. Wato wanda aka lanƙwaso ƙarshen wayarsa ciki don a samu wurin kamawa. Yana da daɗin sawa, yana da daɗin cirewa, ba ya cin farce. In da shi kamfani ya fito da injin, to madalla, an auna shi da gudun injin. Amma a ɗauko mai kunne a sa inda aka yi don maras kunne saboda kawai ya fi sauƙi, wannan neman magana ne. Kunnen nan nauyi ne a rataye a ƙarshen waya, ba abin da ya tokare shi. Fizgar nan ta ninki dubu tana kaɗa shi gaba da baya, ko dai ya gaji ya karye, ko ya riƙa jan bakin kilif ɗin yana ɗaga shi daga kwarmi.

Masu kuɗinmu ma ba su tsira ba, ta wata ƙofar suke faɗawa. Mutum ya sayi fistin ɗan Taiwan saboda aljihu, ya zo cikin kwalinsa da ringi da fin da kilif biyu a 'yar leda. Sai ya raina na cikin ledar, ya ce shi orijina zai sa, ɗan Japan, ya biya ninki. Baba ya ce masa, "Alhaji, wanda ya haƙa ramin shi ya san abin da ya auna. Na cikin kwalin nan da fistin ɗin nan uwarsu ɗaya." Kamfanonin da ke yin fistin na canji ba dole ne kwarminsu ya zo daidai da na ainihi ba, kuma kilif ɗin da suka haɗo da shi, da nasu kwarmin da nasu fin ɗin aka gwada shi. Fistin na ainihi ya tafi da kilif na ainihi mai lambar wannan samfurin, na canji ya tafi da nasa. Alhaji dai bai ji daɗi ba, domin ya riga ya gaya wa mutane cewa komai na injinsa orijina ne.

In kana son ganin Baba ya daina raha, tsaya lokacin da zai sa. Kiranshaf na kwance a kan benci bisa tsabtataccen kwali. Kilif na farko tun fistin na hannunsa yake sa shi, inda yake da sarari da haske. In fin ya yi tauri ba ya ɗaukar guduma. Sai ya aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo ruwan zafi, a tsoma fistin ya ɗumama, domin alminiyon ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi. A goge, a shafa mai, fin ya shige da turin babban yatsa. Injin da boris ɗin ƙaramin ido allurai ne a sake, sai an jera su ɗaya bayan ɗaya da giris, a ƙirga, a sa washa sama da ƙasa. Sannan kilif na biyu. Yakan fara cusa baki ɗaya cikin kwarmi, ya danne da babban yatsan hagu, ya bi sauran da ɗan tsinke yana murzawa kaɗan-kaɗan, ba ya matse shi fiye da abin da zai shige. Sai ka ji ƙas. Yatsan nan kuwa ba ya ɗagawa sai ya ji ƙarar, domin kilif in ya kuɓuce harsashi ne, kuma ido yake nema.

Na sauran garejin kuwa kullum sai ya tashi sama. Za ka ji tsit, sannan kowa ya sunkuya. Gaɓa duk yashi, kilif kuma launin ƙasa. A kira almajirai, a kawo mayen ƙarfen tsohuwar sifika a ɗaura masa igiya a yi ta ja, a kwaso ƙusoshi da murafen kwalba da ƙugiyar wani da ta ɓata tun bara. In an yi sa'a an gan shi, sai a hure yashin da baki a mayar, alhali tsallen da ya yi ma alama ce ta cewa an matse shi fiye da kima. In ba a gan shi ba, gwangwani na nan.

Bayan ƙas ɗin ma Baba bai gama ba. Yakan sa tsinke a bakin kilif ya tura shi ya zagaya cikin kwarmin. Wanda ya zauna daidai yana juyawa ne da ɗan nauyi, yana ja. In ya yi sulɓi ya zagaya ba gardama, ya saki, a cire a jefar. In ya ƙi motsi kuma wani gefe ya ɗago, bai shiga ba. Sannan ya daidaita inda bakin zai kalla. Akwai ɗan giɓi da ake yankawa a gefen ramin don a samu wurin sa tsinke ranar cirewa. Bakin kilif ba ya tsayawa a nan, domin nan ne ba shi da abin jingina. Kuma ana so bakin ya kalli kan fistin ko ya kalli gindinsa, wato ya bi layin da fistin ke tafiya. In ya kalli gefe, fizgar na kama hannuwansa biyu tana matse su, kilif ya riƙa tsukewa yana sakin kwarmi a kowane juyi.

A kan wannan an sha yin musu a majalisarmu ta bayan la'asar. Wani direba ya ce duk aikin banza ne, ai da inji ya tashi kilif zagayawa zai yi ya kalli inda ya so. Baba ya ce, "Ɗan nan, wanda ka buɗe ka tarar ya zagaya, dama can sakakke ne. Allah ne ya rufa maka asiri." Direban ya ce to ai shi ma abin da yake faɗa ke nan, komai rufin asirin Allah ne. Aka yi dariya, aka kira mai gyaɗa.

Mugun halin kilif shi ne ba ya fita ranar da aka sa shi. Yakan bari a yi gwaji a gaɓa, inji ya yi kuka mai daɗi, a biya bakanike, a yi makonni ana lodi. Rannan tsakiyar ruwa, jirgi cike da buhuna da babura da mata masu zuwa kasuwa, sai a ji wani ƙaras-ƙaras, ƙarfi ya ragu, inji ya shaƙe. Injinanmu masu cin fetur gauraye da mai, jikin silindarsu tagogi ne, ta nan cakuɗen ke shiga, ta nan hayaƙi ke fita. Guntun waya in ya kuɓuce sai ya bi tagar nan, fistin ya datse shi a bakinta, ringi ya karye, gutsattsarin su hau sama su yi ta dakan kan silinda. Fin kuma da ya ga ƙofa a buɗe sai ya zamo ya jingina da bango, ya yi ta noma. Tun da aka datse kogin a Kainji a 1968 ruwan nan ya zama tafki, akwai wuraren da in kana tsakiya gaɓa sai dai hange. Ga iskar hunturu tana tayar da taguwa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna jira a ƙasa. Filafili kuwa tun da muka samu inji muka mayar da shi abin kunya, in an samu guda a jirgi to na kwashe ruwa ne ya taho da shi.

Da an jawo jirgi gaɓa sai a shiga neman mai laifi, kuma mun iya wannan. Na farko mai fetur, wai ya haɗa da kananzir. Na biyu mai baƙin mai, wai jabu ya sayar. In mai jirgi yana da abokin hamayya a layin lodi, to an san inda zance zai ƙare, har a fara tunanin zuwa wurin malam. Alhali inji ba ya ɓoye abin da ya kashe shi. In zafi ne, infela ta mutu ruwa ya daina zagayawa, za ka ga alminiyon ya narke ya shafu a bango. In ƙarancin mai ne, jikin fistin ya kwarzane, boris ya yi shuɗi. In kilif ne kuwa, za ka ga kwari mai zurfi a bango daidai saitin fin, faɗinsa faɗin fin, gefen ramin fistin ya ciccinye, kan silinda ya yi tabo-tabo, wani tabon ma da siffar wayar a jikinsa. Kwarin nan sau da yawa ya fi ƙarfin borin. Fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50 ba ya rufe shi, sai dai a sa sabon silib ko a nemi wani bulok.

Ba na cewa mai fetur waliyyi ne. Kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, mu da kanmu mun koyi ƙwauron baƙin mai. Ƙa'idar Enduro kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, sabon haɗi kuma a ninka man a awanni 10 na farko. Mu kuwa da murfin galan muke awo, murfin ma ba ya cika. Wannan wata hirar ce ta daban.

Adalci kuma shi ne a faɗa cewa wani lokaci kilif ɗin sabo ne, daidai ne, an sa shi da kyau, ya kuma fita. In aka ga haka a dubi kwanrod. Injinmu yakan faɗa ruwa, ko jirgi ya kife da shi a gaɓa. Da an tsamo shi, maimakon a kwance filogi a zubar da ruwan da ya cika silinda, sai wani ƙato ya kama igiya ya fizga da ƙarfin tuwo don a gani ko zai tashi. Ruwa ba ya matsuwa. Kwanrod ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba, daga ranar fistin a karkace yake tafiya, fin yana dukan kilif ɗaya ba hutawa. An yi shi ne don ya tare fin mai shawagi, ba a yi shi don ya sha guduma ba. Wanda ya canza fistin ya bar wannan kwanrod ɗin, ya ajiye kuɗin wani fistin ɗin kusa.

Leda mai tambari kuwa kada ta ruɗe ka, buga tambari ya fi ƙera sifirin sauƙi. Abin da masu wayo ke yi shi ne su sayi fiye da buƙata, su sadaukar da guda: a ɗan matse shi da yatsu a saki. Na kirki ya koma yadda yake, na banza ya tsaya inda aka bar shi. A duba bakin ko yankan ya fita tsaf ba ƙaya. Wanda aka gwada a jefar, ragowar kuma ta yi maganin wanda zai tashi sama.

Wata Hajiya dillaliyar kifi a layinmu, mai jirage biyu, ita ta ɓullo da nata tsarin bayan bulok ɗin sabinti-faif ɗinta ya tafi. Ba ta san kwarmi ba, ba ta san gangare ba, amma ta iya ƙirga: silinda uku, kilif shida. Duk ranar da za a sauke mata inji, da kanta take aika a sayo sababbi, ta zo ta zauna a kan kujera da lema, ta miƙa tafin hannu.

"Malam, tsofaffin nan shida, a nan nake son su."

"Haba Hajiya, ba ki yarda da mu ba ne?"

"Na yarda da ku mana. Miƙo."

Ta ƙulle su a bakin zani ta tafi. Sauran masu jirage suka gani suka ɗauka, har gwangwanin wasu gareji ya fara haske. Sai dai yaran namu ma ba daga baya ba. Ba a jima ba aka gane cewa wani yaro yana zuwa da tsofaffi shida a aljihu tun daga gida, ya miƙa wa Hajiya su, na cikin injin su koma inda suka fito, sababbin kuma a sayar wa Alhaji a rabin kuɗi. Da labari ya kai mata ba ta yi faɗa ba. Yanzu tana matso da kujerar har gindin benci, a yaga ledar a gabanta, kuma ba ta tashi sai ta ji ƙas sau shida.